Faifan da Inna Ta Shanya

Akwai wani labari da kuka tashi da shi a gidan nan, ku 'ya'yana, yanzu kuma na ji har jikoki sun ɗauka. Duk ranar da wani ya ƙona tuwo ko ya manta dutsen guga a kan riga, sai a ce ya yi irin ta Inna, wadda ta gasa wa Baba fayafayai a kan dutse. Ku yi ta dariya, ni ma in yi murmushi in wuce. Shekara da shekaru na bar labarin a haka saboda ya fi min sauƙi. Yanzu tsufa ya zo, Inna, mahaifiyata, ba ta nan balle ta kare kanta, kuma ba na son in same ta a can da wannan nauyin a wuyana. Don haka ku zauna ku ji yadda abin ya faru tun daga tushe.

Lokacin da aka ƙirƙiro sabuwar jiha aka kwaso mu daga Kano zuwa Dutse, ni mai zanen taswira ne a ofishin safiyo. Dutse a wancan zamani gari ne da in ka tashi daga aiki ba ka da wurin zuwa sai masallaci da gindin bishiya. Abokan aikina ranar Juma'a suke cika motoci su koma Kano, ni kuwa na ɗauko mahaifiyarku da ku biyun farko, na kama haya a unguwar Takur, gidan nan mai falalen dutse a baya. Wata rana da tsakar rana na kai rediyona gyara, sai na tarar da mai gyaran yana gwada wani garmaho na lantarki, wanda wani malamin makaranta Ba'indiye ya kawo shekarun baya bai dawo ɗauka ba. Faifai ɗaya tak ne a tare da shi. Mai gyaran ya ɗora, ya sauke allura, ya juya yana neman wani abu a cikin tarkacensa. Kafin a fara busa komai, sai na ji mutum ya ja numfashi dab da kunnena. Na waiga in ga wanda ya shigo shagon, babu kowa. Mai busar ne a cikin faifan yake cika ƙirjinsa da iska. Na yi shekaru ina jin kaset, ban taɓa jin numfashin kowa a ciki ba. Na tsaya da rediyo a hammata ina tambayar kaina, ta yaya numfashin wani mutum, wanda wataƙila ma ya daɗe da mutuwa a wata ƙasa, zai kwanta a cikin baƙar roba ya jira ni a Dutse? Ranar na bar wa mai gyaran rediyon, na yi masa ciko, na koma gida da garmaho da sifikoki biyu a bayan babur.

Daga bayan kwalin faifan na koyi cewa sunan wannan kiɗa jaz, kuma baƙaƙen fatar Amurka ne suka ƙago shi. Babu waƙa a ciki. Akwai mai busa wani ƙahon tagulla mai lanƙwasa kamar lofe, da mai fiyano, da mai ganguna, da mai wani ƙaton goge da ake tsayarwa a ƙasa ana jan tsirkiyarsa da yatsa. Su fara tare, sannan kowa ya karɓa shi kaɗai ya faɗi nasa, sauran suna ba shi hanya, a ƙarshe su sake haɗuwa. Abin ya yi min kama da zaman dattawa a ƙofar gida, inda magana ɗaya ake yi amma kowa da inda yake ɓullo mata. Mahaifiyarku ba ta ga haka ba. Takan leƙo falo da ludayi a hannu ta ce:

"Malam, wannan kiɗa naka ba baiti, ba amshi, ba a san wanda ake yabo ba. Su waɗannan mutane sun san juna kuwa?"

Daga nan na shiga nema, kuma a yankinmu neman faifai sai wanda ya yi. Kaset ya riga ya kore shi, don haka inda ba ka zata ba nan za ka gan shi. Na ga an kafe su da ƙusa a bangon shagon aski don ado, na ga an rufe randa da ɗaya a Taura, na ga yara suna gara wani da kara a kan titi. Aikin safiyo ya taimake ni, domin duk garin da aka tura mu, in an gama awo sai in shiga tambayar tsofaffin malaman makaranta da malaman asibiti. A hankali na gane cewa faifai ma suna suka tara. Akwai mai nauyi, mai kauri, wanda in ka ɗora shi ɗakin yakan yi tsit kafin kiɗa ya fara, akwai kuma sakayau mai ƙara kamar ana soya gyaɗa. Na koyi riƙe shi ta gefe, da jingine shi a tsaye, da wanke shi da tataccen ruwan sama a bar shi ya bushe a inuwa. Na tsani masu ɗora kwabo a kan allura don kada ta yi tsalle, saboda nauyin yana nome siraran layukan da sautin ke ciki. Duk da wannan ɗawainiya, cikin shekara takwas fayafayai goma sha ɗaya kacal na tara waɗanda za a iya zama a saurara.

Shekarar da nake son ku sani ita ce shekarar da maganar shari'a ta cika gari. A farkonta Baffa, mahaifina, ya rasu a rugarmu ta wajen Taura, na je na ɗauko Inna ta dawo wurinmu. Ta zo da akwatinta ɗaya da ƙorenta fiye da ashirin, ko da yake babu sauran saniyar da za ta tatsa. Kullum da safe sai ta wanke su ta jera a kan falalen dutsen bayan gida, domin a wurin matar Fulani, ƙwaryar da ba ta ga rana ba tana ɓata nono. Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, Ma'aikaci take ce min. A unguwa kuma an sa ni magatakardan kwamitin masallaci saboda ina da kyan rubutu. Ina goyon bayan shari'a a lokacin, har gobe ma ina yi. Amma game da kiɗa na tambayi malamai biyu na sami amsa biyu, sai na ƙi tambayar na uku. Abin da na yi shi ne na mayar da garmaho ƙuryar ɗakina, na rage murya, na lulluɓe shi da tsohon zani. Mutumin da ya haura arba'in, mai 'ya'ya huɗu, yana ɓoyon kiɗa kamar mai satar nama a tukunya. Inna ma ban bari ta san da shi ba.

Ana cikin haka, a ƙarshen damina, wani abokin aiki ya ce min akwai wani tsoho a Ringim, Alhaji Mamman, wanda kowa ke kira Baba Direba domin ya yi shekara talatin yana tuƙa jirgin ƙasa. Ya ce yana da akwati guda na irin abin da nake nema. Ranar Asabar na hau babur. Na same shi a zaurensa, dogo, siriri, idanunsa sun fara fari, carbi a hannu. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya tambaye ni ta ina ake riƙe faifai. Na nuna masa da tafukan hannuna. Sannan ya sa aka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gadonsa. Da aka buɗe, warin fumfuna ya bugi hancina. Fayafayai ne fiye da talatin, duk jaz, duk masu nauyi, waɗanda ya sayo lokacin da aka tura shi Ingila koyon tuƙin sabbin jirage. Garmahonsa ya mutu shekara goma sha biyar da suka wuce. Ya ce ɗansa, mutumin kirki ne mai karatu, ya roƙe shi cikin ladabi a fitar da su daga gidan, shi kuma ba ya son gardama da ɗansa a ƙarshen rayuwa.

"Ba na sayarwa, ɗan safiyo," in ji shi. "Kyauta zan ba ka, amma da sharaɗi."

Ya laluba ya zaro wani mai jan kwali, da hoton wani mutum zaune a kujera ya ɗora ƙahonsa a cinya.

"A waƙa ta farko ta wannan, akwai inda mai busa yake tsayawa, kowa ya yi shiru. A cikin shirun nan wani yana yin wani ɗan sauti a can baya. Ni na ce dariya ce. Abokina Mista Tomas, wani makanikin jirgi ɗan Saliyo, shi ya koya min jin wannan kiɗa, ya ce tari ne. Shekara ashirin muna wannan gardama, a Nguru mu yi, a Kano mu yi. Garmahona allurarsa kamar ƙusa take, ba ta taɓa raba mu ba. Har ya mutu yana cewa tari. Ka ce naka yana fito da numfashin mutum?"

Na ce yana fitowa da shi, Baba.

"To ka tafi da su ka wanke. Sauran naka ne, ka ji abinka. Wannan kuwa amana ne, kada allura ta taɓa shi sai a zauren nan, a gabana. Ina so in sani kafin in je in sami Tomas."

Na yi alkawarin mako biyu. Har na ɗaure akwatin a babur ya sake kirana ya ce abokan gabar faifai uku ne, rana da yatsa da mai son taimako, kuma na ukun ya fi sauran ɓarna. Na yi dariya, na ɗauka barkwancin tsofaffi ne.

A hanya ba abin da nake tunani sai wannan ɗan sauti. Me zai ba mutum dariya a tsakiyar aiki irin wannan? In kuma tari ne, me ya hana su sake ɗauka? Na iso gida da la'asar na tuna cewa a makon nan kwamitin masallaci zai riƙa zama a falona, kuma liman yakan shiga ɗakina ya yi alwala a bayan gida na ciki. Akwatin ba zai shiga ƙarƙashin gadona ba. Sai na kai shi ɗakin ajiya, inda Inna take kife ƙorenta. Tana zaune a bakin ƙofa tana tsinkar zogale, ta bi akwatin da ido.

"Ma'aikaci, mene ne wannan mai wari haka?"

"Kayan ofis ne, Inna. Na gwamnati ne, aka ba ni ajiya."

Ga laifin nan, ku duba shi da kyau. Kalma goma sha ɗaya ce kacal, na faɗe su ba tare da ko ƙifta ido ba, na shige ɗaki ina jin na yi dabara.

Ranar Talata na tafi ofis, mahaifiyarku ta tafi makarantar da take koyarwa, ku kuma kuna taku makarantar. Wanda ya san Dutse ya san ranar da ake yi bayan ɗaukewar ruwa, wadda take dafa gero a gona, ta sa dutse ya yi zafin da ba a taka shi da ƙafa. Na dawo wajen ƙarfe uku, na ji gidan shiru, na zaga baya. Ƙoren Inna suna jere a kan falalen kamar kullum. A gefensu kuma ga wasu baƙaƙen abubuwa an jera su sahu-sahu, kowanne ya tashi ya murɗe kamar fatar akuya da ta bushe ba a kafe ta ba. Ga kwalayen a can gefe, an buɗe su an danne kowanne da tsakuwa don kada iska ta ɗauka. Na daɗe a tsaye kafin kaina ya yarda da abin da idona yake gani. Inna ta fito daga inuwa tana gyara mayafi, fuskarta cike da jin daɗi.

"Ka dawo? Kayan gwamnatin nan naka saura ƙiris su ruɓe. Fumfuna har cikin farantan. Rabi na samu na wanke, gobe in Allah ya kai mu in ƙarasa sauran."

Na durƙusa na ɗauki ɗaya, ya ƙona min yatsu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina addu'a a zuci, har na kai ga na bakwai, na ga jar takardar da ke tsakiyarsa. Shi ne amanar Baba Direba, gefensa guda ya ɗaga sama kamar bakin kasko. Abin da na yi bayan nan shi ne abin da ya fi komai yi min ciwo. Na ɗago kai na dubi mahaifiyata, na ce da murya mai ƙarfi:

"Inna, wa ya sa ki?"

Tunda nake ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ta dubi farantan, ta dube ni, ta sunkuya ta fara tattara ƙorenta ɗaya cikin ɗaya, ta shige ɗaki. A wannan lokacin ne ku manyan kuka shigo daga makaranta, kuka ga uba a durƙushe a kan dutse da baƙin faifai a hannu, kuka ji an ce Inna ta shanya. Iyakar abin da kuka gani ke nan, kuma daga nan labarinku ya samo asali.

Mahaifiyarku ce ta ce min in ba zan je in faɗa wa Inna gaskiya ba, ita za ta je. Bayan sallar la'asar na yi sallama a ƙofar ɗakin Inna, na zauna a ƙasa, na kwashe komai na gaya mata, tun daga shagon mai gyaran rediyo har zauren Ringim. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa ko kwana huɗu bai yi ba. Ta saurara tana murza bakin zaninta.

"Da ka ce min kayan kiɗa ne, me zai kai hannuna? Ina ruwana da kayan kiɗan wani. Ka ce na gwamnati ne. Na kwana biyu ina jin warin nan ina cewa za su lalace a hannunsa a kore shi daga aiki."

Na ce kunya ce ta hana ni, Inna.

"Kunyar wa? Ni kake ɓoye wa busa? Wanda ya haife ka da sarewa ya same ni. Yana kiwo a fadama yana busawa, ni ina tallan nono, in bi ta doguwar hanya don in ji. Kai dai ka tashi ka gan shi da gemu da buta."

Ban taɓa sanin Baffa ya riƙe sarewa ba. Na zauna ina kallon tabarma, kunya biyu ta haɗe min, ta ƙaryar da ta rashin sanin uban da ya haife ni. Can sai ta ce in kawo mata farantin ta gani. Ta juya shi a hannu, ta gefe kuwa ta riƙe ba tare da an koya mata ba, ta tambaye ni ko da zafi ya lanƙwashe. Na ce da zafi. Ta ce sandar kiwo ma in ta karkace, ɗumama ta ake yi a danne da dutse ta kwana, ba a yar da ita.

Kwana shida muka yi a kan wannan aiki, ni da ita. Na ciro gilashin teburin zanena na gida, na kai aka yanka shi biyu. Mu sa faifai a tsakani, mu ajiye a ranar hantsi, Inna tana taɓa gilashin da bayan hannu kamar mai gwada zafin jikin yaro. In ta ce ya isa, mu kai inuwa mu ɗora dutsen niƙa, sai washegari a buɗe. Da sauran muka fara gwaji. Na farko ya narke ya zama ba shi da amfani, na biyu bai motsa ba, daga na huɗu hannunta ya gane. Abin ya ba ni mamaki, ita ma ya ba ta, har ta fara tambayata yadda murya take shiga roba. Na nuna mata layukan da tabaran ƙara girma da nake duba taswira da shi, ta ce ai kunyoyi ne kamar na gona. Da muka zo kan mai jan kwali, ya kwanta ya miƙe, sai dai wani ɗan tudu da ya rage a bakinsa, daidai wurin waƙa ta farko. Ban gwada shi ba, saboda alkawari. A zuciyata kuwa har na shirya wata ƙaryar, in ce wa Baba Direba a haka na same shi a akwati, tunda idonsa ba ya gani sosai. Inna kamar ta karanta fuskata, ta ce ranar Asabar da ita za a je, domin wanda ya zubar da nono shi ya kamata mai saniya ya gani.

Muka ɗauki shatar mota saboda garmaho da sifikoki. Muka isa Ringim da hantsi muka tarar babu wuta, kuma ba a sa janareto a irin wannan sauraro, ƙararsa za ta cinye komai. Ɗan Baba Direba da kansa ya taya ni shigar da kaya zaure, sannan ya ba mu wuri. Inna ta zauna a tabarma daga bakin ƙofar cikin gida, bayan gaisuwa ta fara cewa ita ce ta yi ɓarna. Na tari numfashinta, karo na biyu ke nan a rayuwata da muryata ta hau tata, na faɗi abin da na ce mata game da akwatin. Baba Direba ya karɓi faifan ya shafa gefensa da tafin hannu har ya kai kan tudun. Ya ajiye shi a cinyarsa.

"Shekara arba'in ina tsare shi daga shanyar matan gidan nan," in ji shi a hankali. "Hajiya, ba ki da laifi. Kai kuma ɗan safiyo, na gaya maka uku ne, ashe huɗu ne, ban lissafa da mai ɓoyo ba."

Sai bayan azahar aka kawo wuta. Na goge allura, na ɗora faifan. Kiɗa ya tashi, mai taushi, a hankali, sai dai duk zagaye ɗaya sautin yakan ɗan yi lilo in allura ta hau tudun. Baba Direba ya rufe ido, yatsunsa suna bugun gwiwa. Ya ɗaga hannu alamar an kusa. Mai busa ya ja wata doguwar murya, ya fara saukowa, sai allura ta yi tsalle ta dira can gaba inda ganguna suka riga suka dawo. Na mayar, ta sake tsallakewa. Sau uku, a wuri ɗaya. Tsohon ya laluba aljihu, ya buɗe wani ɗan gwangwani, ya miƙo min tsohon kwabo mai huji.

Na ce, "Baba, in na ɗora wannan za ta bi ta wurin, amma za ta nome shi. Robar ta riga ta yi rauni. Sau ɗaya za mu ji, daga nan shi ke nan."

"Ni ma sau ɗaya nake nema. Ɗora."

Na ɗora kwabon da na yi shekara takwas ina zagin masu ɗora shi. Na sauke allura. Zauren ya yi tsit, har Inna ta matso da tabarmarta. Mai busa ya ja muryar nan, ya sauko, ya tsaya. Allura ta hau tudun ta riƙe. A cikin shirun, can baya ta hannun hagu, wani mutum ya yi wani ɗan sauti, gajere, sau biyu. Sannan ganguna suka shigo. Na ɗaga allura na dubi Baba Direba. Ya buɗe ido yana juya kai daga ni zuwa Inna.

"An wuce wurin?"

Na ce an wuce, Baba.

"Ban ji komai ba. Ƙarar injin jirgi ta tafi da wannan kunnen tuntuni, ni ne ban sani ba. Me ka ji?"

Na so in faranta masa, amma na gaji da ƙarya a wannan wata. Na ce gaskiya, Baba, tari na ji.

"Tari a ina?" in ji Inna daga bakin ƙofa. "Dariya ce. Irin wadda mutum yake yi ta hanci in wani ya faɗi abin da ya yi daidai, ba ya son a ji shi. Mai tari ba ya jira a yi shiru."

Na ce Inna, ai ta maƙogwaro ta fito. Ta ce kunnena ne na maƙogwaro. Muka ji wani sauti daga kan gado, muka juya. Baba Direba ne yake dariya, hawaye yana bin kuncinsa, har sai da ta sarƙe shi ya koma tari, Inna ta ce to ga su nan duka biyun, in saurara in koyi bambanci.

"Alhamdu lillahi," in ji shi da ya sami numfashi. "Na ɗauka da ni za a binne gardamar nan. Ku tafi da ita gida."

Na sake gwada wurin kafin mu tashi. Babu komai sai ƙara kamar ana yage ƙyalle. Baba Direba ya rasu kafin wata daminar, bai sami amsar da ya ba ni amana don ita ba, kuma ni na jawo. Wannan ban taɓa yafe wa kaina ba, ko da yake shi ya yafe. Da muka dawo Dutse na fito da garmaho falo na yaye zanin. Ba a daɗe ba aka karɓi littafin kwamiti aka ba wani, ba tare da an faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Liman kuwa abin da ya ce kawai in kashe in an kira salla. Fayafayan da kuke gani a kabad yau, waɗanda suka cika shi har sama, daga akwatin nan suka fara taruwa da gaske, kuma tara daga cikinsu hannun Inna ne ya miƙar da su.

Shekara goma sha ɗaya Inna ta ƙara a duniya, kuma ba mu taɓa daidaitawa a kan tari ko dariya ba. In na yi tari a gida sai ta leƙo ta ce, Ma'aikaci, me ya ba ka dariya? Mai jan kwalin yana nan a ƙarshen layi ta dama. In na mutu kada ku yar da shi don ba ya kiɗuwa, kuma kada in ƙara jin an ce wani ya yi irin ta Inna don ya ƙona tuwo. In dole sai kun yi karin magana, ku ce ya yi irin ta Baba, wanda ya ce kayan gwamnati ne.

Game da sautin nan, mu biyu ne kaɗai muka ji shi, kuma saura ni. Har yau in na rufe ido tari nake ji. Amma tun ranar da aka kai Inna makwancinta, duk wanda ya tambaye ni, dariya nake ce masa.